Dakta Sha'aban Gimba da Awa Biyun da Ya Nema wa Masu Rauni

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, wadda ta yi daidai da sha biyu ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Dakta Sha'aban Gimba a gidansa da ke Small Heath, a Birmingham, yana da shekara arba'in da tara. Na Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu. Matarsa Nana A'isha ce ta kira ni da hantsi, ina wurin aiki a Manchester. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Taufiq, yayanka ya cika." Na daɗe da sanin cewa wannan kiran zai zo, amma da ya zo sai ya same ni ban shirya ba. Sai ita ce ma ta ba ni haƙuri.

Yaya Sha'aban, a watan da aka haife ka, wanda ya ba ka suna, a cikinsa ka koma. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ba ma garinmu ɗaya ba, kai mutumin Gusau ni na Bichi, amma tun ranar da muka haɗu ban taɓa kiranka da wani suna ba sai Yaya, kai kuma ba ka taɓa kirana da sunana ba sai Injiniya, tun kafin in cancanci sunan.

A wajen wani suna muka haɗu a unguwar Old Trafford da ke Manchester, cikin 2018. Lokacin ni ɗalibi ne, ina zaune a Fallowfield a gidan haya tare da wasu samari huɗu, ina bincike kan yadda za a sanyaya tumatir da allurar rigakafi a ƙauyukan da babu wuta. Wani ya tambaye ni abin da nake karantawa, na faɗa a taƙaice don na san ba kowa zai damu ba. Sai na ga wani dogon mutum da ke gefe ya ajiye cokalinsa, ya jawo kujera. Ka tambaye ni ko zan iya sanyaya ruwa lita ashirin har ya kusa daskarewa, a bayan mota, cikin zafin Borno na watan Afrilu, ba tare da janareta ba. Na ɗauka sana'ar ƙanƙara kake son buɗewa a gida. Da na faɗa maka haka ka yi dariya har sai da mai gidan ya leƙo. Sannan ka ce in gama cin abinci, akwai magana.

Maganar ita ce ta ci sauran shekarun rayuwarka, kuma ya kamata in bayyana ta ga masu karanta wannan da ba su san aikinka ba. Idan harsashi ko wuƙa ya huda mutum ya zubar da jini har zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci. Kafin likita ya buɗe shi ya gano inda jinin ke fita, sau da yawa an makara. Sai wasu masana suka ce, tunda sanyi yana rage buƙatar jiki, me zai hana a ɗura wa mutumin ruwan gishiri mai tsananin sanyi, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi a asibiti, ta babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, har ruwan ya maye gurbin jinin, zafin jikinsa ya sauko zuwa wajen digiri goma. A wannan hali babu numfashi, babu bugun zuciya, amma ƙwaƙwalwa ba ta lalace ba tukuna. Ana fatan likita zai sami awa ɗaya, wataƙila biyu, ya ɗinke raunin, sannan a haɗa mutumin da na'urar da ke yi wa zuciya da huhu aikinsu, a mayar masa da jini, a ɗumama shi a hankali. An yi nasarar haka a kan dabbobi. A kan mutane kuwa har yanzu gwaji ne, a wurare kaɗan, cikin tsauraran sharuɗɗa. Kai abin da ya dame ka shi ne, duk masu wannan bincike suna tunanin babban asibiti ne mai wuta da firji da ƙwararru a tsaye. Kai sojan da ke kwance a bayan mota a kan hanyar daji kake tunani.

Ba ka gaya mini dalili ba sai da muka yi kusan shekara muna aiki tare. Kafin ka zo Ingila likitan soja ne kai, ka kai muƙamin Manjo, ka yi aiki a arewa maso gabas a shekarun da abin ya fi muni. Akwai wani Kofur Chollom, mutumin Filato, direban motar asibitinku. Shi ke kai ka ko'ina, shi ke tsare maka abinci idan kana tiyata, kuma ko da yake Kirista ne, shi ke tuna maka lokacin salla ya wuce. Wata rana aka yi muku kwanton ɓauna, harsashi ya same shi a ƙasan ciki. Wani ya karɓi tuƙin, kai ka zauna a baya ka danna hannunka cikin raunin. Yana magana da kai har kuka ci rabin hanya, yana ta maganar matarsa Virtue da jaririyar da bai gani ba tukuna. Kuna hango gine-ginen gari zuciyarsa ta tsaya. Da ka duba gawar daga baya, ka tarar jijiya ɗaya ce ta yanke, ɗinkin da ka yi irinsa sau ba adadi.

Ka ce mini, "Injiniya, ba ilimi na rasa ba ranar nan. Na san abin da zan yi, hannuna ma yana kan wurin. Lokaci na rasa."

Daga nan ba ka ƙara ɗaga maganar ba. Nana A'isha ce ta gaya mini cewa duk ƙarshen shekara kana kiran Virtue a Jos ka gaishe ta, ka tambayi yarinyar da karatunta, kuma ba ka taɓa tsallake ko sau ɗaya ba.

Haka muka shiga zirga-zirga tsakanin Manchester da Birmingham. Wani lokaci ni zan hau jirgin ƙasa in sauka tashar New Street ka ɗauke ni, wani lokaci kai za ka biyo babbar hanya da tsohuwar motarka, bayanta cike da robobin ruwa da bututu, har wani maƙwabcina Bature ya taɓa tambayata ko abokina mai gyaran famfo ne. Na gaya maka, ka ce ai bai yi ƙarya ba. Na'urar farko da muka haɗa ta fi ƙarfin mutum biyu su ɗaga. Ta biyu ta yi sauƙi amma ba ta sanyaya ruwan da sauri. Ta uku ta fashe a kicin ɗina ta jiƙa mana kafet, matata Hajar ta hana mu sake gwaji a cikin gida, ta kore mu gareji. Ba ka taɓa fushi da na'ura ba. Idan ta ƙi, sai ka zauna a kan bokiti ka dube ta, ka ce to, ta koya mana abin da ba mu sani ba.

Aikin bai zo maka da sauƙi a cikin jama'armu ba. Gwajin dabbobi a kan aladu ake yi, domin jikinsu ya fi kusa da na mutum, sai magana ta fara yawo cewa Dakta Sha'aban yini yake da hannu cikin alade. Wasu kuma suka ce ka shiga hurumin da ba naka ba, kana neman tayar da matattu. Wani dattijo a masallacinku na Small Heath, Alhaji Abdulsalami, bai iya gulma ba, sai ya tare ka bayan sallar Juma'a a gaban mutane. Ina wurin. Ya tambaye ka, mutumin da babu jini a jikinsa, babu numfashi, jikinsa ya yi sanyi kamar ƙanƙara, ba matacce ba ne? In kuwa matacce ne, wa ya ba ka ikon dawo da shi? Na ga ranka ya sosu, amma ka rage murya, ka durƙusa kusa da shi kamar yadda ɗa ke yi wa uba.

Ka ce, "Baba, wanda ajalinsa ya yi, babu sanyin da zai dawo da shi, ko da na zuba masa tekun duniya. Wanda nasa bai yi ba nake nema in riƙe, kafin a kai shi inda za a ɗinke shi. Ni ban san wanne ne wanne ba, shi ya sa nake ƙoƙari a kan kowa."

Alhaji bai ce ya yarda ba. Ya dai ce zai yi tunani. Bayan mako biyu ya aiko maka da dabino, daga nan kuma kuka zama abokan hira, yana yi maka tambayoyin da ka ce sun fi na wasu furofesoshi wuya. Shi ne ya yi maka wanka, Yaya. Ya roƙi a bar masa, duk da ciwon gwiwarsa.

Da ka ga binciken zai ɗauki shekaru, ba ka zauna jira ba. Kowace Asabar ta farkon wata kana tara direbobin tasi da samarin unguwa a ɗakin ƙasa na masallaci, kana koya musu yadda ake tsayar da jini: inda za a danna, yadda za a ɗaure cinya ko dantse da bel ko gyale, da abin da ba a yi. Kana kwanciya a ƙasa da kanka ka ce su ɗaure ka, idan suka ji tausayinka suka sassauta ka yi musu faɗa, ka ce wanda ya ji tausayin ihun mai rauni shi zai kashe shi. Sau da yawa ka koma gida da shatar ɗauri a ƙafa. Ɗaliban da suka sauka ƙasar nan ba su san kowa ba kuwa, Allah kaɗai Ya san nawa suka kwana a falonku, nawa ka kai kasuwa ka zaɓa musu rigar sanyi, nawa ka raka su yi rajista da GP, wato likitan unguwa, don kada ciwo ya same su ba su san inda za su ba.

Akwai ranar da ba zan manta ba, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi a wannan rubutu. Cikin bazarar 2022 ne. Ban da bincike, kana aiki a sashen gaggawa na wani asibiti. Aka kawo wani saurayi ɗan shekara sha tara da aka daɓa wa wuƙa a ƙirji, zuciyarsa ta tsaya suna shigowa da shi ƙofa. Irin mutumin da ka yi shekaru kana shiri dominsa ke nan. A lokacin na'urarmu tana aiki, ta yi nasara a kan dabbobi, kuma tana ajiye a ginin da ke kallon naku. Amma kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan mutane bai ba da izini ba. Ka buɗe ƙirjin yaron kamar yadda aka saba, ka matsa zuciyarsa da hannunka, kuka yi duk abin da doka da ilimi suka yarda a yi. Bai dawo ba. Kai ka fita ka gaya wa mahaifiyarsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ka zo Manchester ba tare da robobin ruwa ba. Hajar ta kawo maka shayi ya huce a gabanka. Da ka ba ni labari raina ya ɓaci, na tambaye ka me ya hana ka aika a ɗauko na'urar, tunda yaron mutuwa zai yi ko ta yaya. 

Ka ce, "Na yi tunanin haka, hannuna yana cikin ƙirjinsa. Amma idan na dawo da shi ba tare da hankalinsa ba fa, ya kwanta shekara talatin uwarsa tana juya shi? Wa ya ba ni izinin gwada wannan a kan ɗanta? Kuma in ya lalace, za a rufe aikin gaba ɗaya, a rufe shi ga duk wanda zai zo bayansa." Sannan ka ƙara da cewa, "Na san na yi daidai. Sai dai sanin bai hana ni ganin fuskarsa ba."

Har yau ban san abin da ni zan yi ba da ni ne a wurin. Abin da na sani, daga ranar ka canza. Ka daina hutu. Takardun neman izini suka zama abincinka, ana dawo maka da su da tambayoyi kana amsawa kana mayarwa, ba ka taɓa zagin masu tambayar ba, ka ce aikinsu suke yi, kuma gara su tsananta. Sau uku ka shirya tafiya Gusau ganin mahaifiyarka, Hajiya Turai, sau uku ka ɗaga, kullum akwai gwajin da ba zai jira ba. Kana cewa idan izini ya fito za ka je ka yi wata biyu cur, ka kwanta a ɗakinta ta dama maka fura.

A nan baƙin cikinmu yake, mu da muke kusa da kai. Tun kana saurayi ka san kana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, ka kuma fi kowa sanin cewa mai ita dole a riƙa duba shi a kai a kai. Kai da ke jan ɗalibai da hannu zuwa wurin likita, naka lokacin sai ka yi ta ɗagawa. Mun ga kana ramewa muka ce gajiya ce, domin haka ka ce mana, kuma wa zai yi gardama da likita kan jikinsa? Sai da Nana A'isha ta ga idanunka sun sauya launi ta ɗauki makullin mota ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba za ka je aiki ba sai an duba ka. Aka tarar ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya bazu. Kai da kanka ka karanta hoton kafin likitan ya buɗe baki. Ta ce da kuka fito ka riƙe hannunta ka ce ta yafe maka, wannan sakacinka ne, ba na kowa ba.

Ka so ka tafi gida a lokacin, amma aka fara magani, da aka gama kuma jikinka ba zai ɗauki jirgi ba. Hajiya ta tsufa, ba ta iya doguwar tafiya. Sai waya ta zama hanyarku. Ka hana a gaya mata. Duk ranar da za ka kira ta ta bidiyo sai ka sa babbar riga da hula, ka sa 'yarka Shifa ta gyara maka fitila don kada ramar ta fito, ka yi ta ba ta dariya. Sai a watan jiya, da ka ga abin ya matso, ka ce a kira ta za ka faɗa mata da bakinka. Ina ɗakin. Ka fara kewaye-kewaye, ta katse ka.

Ta ce, "Sha'aban, ni na haife ka. Tun azumin bara na gani. Na yi shiru ne don na ga kana wahalar ɓoyewa, ban so in ƙara maka wata wahalar ba."

Ban taɓa ganin hawayenka ba sai ranar. Ka roƙe ta gafarar tafiyar da ka yi ta ɗagawa. Ta ce ta yafe tun kafin ka roƙa, ta sa maka albarka, ta ce ka cire hular nan ta ga kan ɗanta. Ka cire. Ta daɗe tana kallonka, mu kuma muka fita muka bar ku.

Zuwana na ƙarshe, ranar Lahadi kafin rasuwarka, na ɗauka za ka yi mini wasiyya a kan na'ura. Na ma zo da amsoshin tambayoyin da na zaci za ka yi. Ba ka tambaya ba. Ka ce Dakta Raki, abokiyar aikinka, ta san komai, in ci gaba da taimaka mata, in kuma aikin bai yiwu a hannunmu ba wasu za su yi. Abin da ka roƙe ni shi ne in riƙa zuwa ina ɗaukar ɗanka Ameen muna zuwa kallon ƙwallo, domin ka yi masa alkawari sau da yawa ba ka cika ba. Ka kuma ce in riƙa yi masa Hausa ko da zai amsa mini da Turancinsa na Birmingham, kada ya je Gusau ya kasa gaida kakarsa. Sannan ka ce in je a duba jinina, ni da Hajar, kada in ce sai na sami lokaci. Mun je, Yaya.

Izinin da ka yi ta nema bai fito ba har ka tafi. Kwamitin zai sake zama nan gaba, ba mu san abin da za su ce ba. Ba zan yi maka ƙarya a kabarinka in ce aikinka ya ceci dubban sojoji ba, domin kai ba ka son a faɗi abin da ba a tabbatar ba. Har yau na'urar ba ta taɓa jikin ɗan Adam ba, kuma ka sha gaya mini cewa ko ta yi aiki, akwai sauran tafiya mai nisa kafin asibitocinmu na gida su iya karɓar wanda aka sanyaya su dawo da shi. Ka san da wuya ka ga ƙarshen abin, ka yi shi duk da haka. Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da muka rasa, naka da na iyalinka, waɗanda gwajin jini na rabin yini zai iya tsare mana, da Allah Ya so. Amma Allah bai so ba, kuma ba mu da ta cewa.

An yi maka salla ranar Laraba bayan azahar, aka kai ka maƙabartar Handsworth cikin yayyafi. Direbobin tasi sun ajiye aiki sun zo, har motocinsu suka cika titin. Abokan aikinka na asibiti, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun tsaya daga gefe cikin ruwan har aka gama. Virtue ta kira daga Jos, ta ce a gaya wa matarka ita ma yau ta yi rashin ɗan'uwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nana A'isha, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa bari ka ga gajiyarta ba. Allah Ya saka mata, Ya zama gatanta. Ga Shifa da Ameen, Allah Ya raya ku, Ya shirya ku, ku sani mahaifinku mutum ne da manya suka yi kuka a kansa ba su ji kunya ba. Ga 'yan'uwansa a Gusau, da Dakta Raki da sauran abokan aikinsa, da tsofaffin abokansa na soja, da jama'armu ta Birmingham da Manchester, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Hajiya Turai, ke ce na fi jin nauyin yi wa magana. Mun binne ɗanki a ƙasar da ba ki taɓa takawa ba, ba ki ga makwancinsa ba. Ina so ki sani ba a hannun baƙi ya tafi ba. Ni na shiga kabarin tare da mutum biyu da suke ƙaunarsa, muka karɓe shi, muka kwantar da shi a kan damansa, muka fuskantar da shi alƙibla, kuma ba mu bar wurin ba sai da muka yi masa addu'a da sunanki.

Ya Allah, ga bawanka Sha'aban ɗan Gimba ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da ya yi da saninsa da wanda ya yi cikin kuskure. Ka karɓi ƙoƙarinsa, wanda ya kammala da wanda bai kammala ba, domin Kai Ka san niyyarsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya Aljannar Firdausi ta zama gidansa, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a can, inda babu sauran ɗaga tafiya. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Taufiq Rabe Bichi
Old Trafford, Manchester